Daga "An Gyara" Zuwa "Ya Gyaru": Fayyace Manufa da Auna Sakamako a Hukumomin Raya Yankin Neja-Delta

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1961 gwamnatin tarayyar Nijeriya take kafa hukuma bayan hukuma domin raya yankin Neja-Delta, kuma kowace daga cikinsu an ware mata kuɗi da sunan fitar da mutanen yankin daga ƙangin talauci da rashin hanyoyi da gurɓacewar ƙasa da ruwa. Sai dai duk lokacin da aka tashi tambayar ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, akan iske babu mudun da za a auna da shi, domin tun farko ba a faɗi abin da ake son cim ma a cikin kalmomin da za su aunu ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana abin da ake nufi da fayyatacciyar manufa da kuma sakamako mai aunuwa a shirye-shiryen da ake zuba wa kuɗi domin raya wani yanki. Za a yi haka ne ta duban tarihin hukumomin Neja-Delta, tare da leƙa yadda Tarayyar Turai ta tunkari irin wannan matsala. Mai karatu zai ga an ɗan tsaya a kan sigar jimlolin da ake rubuta manufa da su. Dalili kuwa shi ne, kafin manufa ta zama kwangila ko siminti jimla ce, kuma da yawa daga cikin ɓarakar da ake gani a ƙarshen aiki ana iya hango ta tun daga aikatau ɗin da aka zaɓa.

2.0 Hukumomin da kuɗaɗensu

Maganar ta faro ne daga kwamitin da gwamnatin mulkin mallaka ta naɗa a 1957 ƙarƙashin Sir Henry Willink domin ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu gabanin samun mulkin kai. A rahotonsa na 1958 kwamitin bai goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, amma ya yarda cewa yankin bakin teku, mai ƙoramu da taɓo da dazukan cikin ruwa, yana da matsaloli na musamman waɗanda suka cancanci hukuma ta musamman. A kan wannan shawara aka kafa hukumar raya Neja-Delta ta farko a 1961, wadda akasarin aikinta binciken yanayin ƙasa ne da bai wa gwamnatoci shawara. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya same ta ba ta yi nisa ba. A 1976 yankin ya sami ɗaya daga cikin hukumomin raya koguna goma sha ɗaya da aka tsara wa ƙasar, sa'annan a farkon shekarun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka keɓe kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin shiga domin yankunan da ake haƙar ma'adinai. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗaga wannan kaso zuwa kashi 3 a 1992, ta kuma kafa hukumar OMPADEC domin sarrafa shi.

Hukumar da aka fi sani, wato NDDC, an kafa ta da dokar shekarar 2000 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, hedikwatarta tana Fatakwal, kuma jihohi tara take kula da su: Abiya, Akwa Ibom, Bayelsa, Kuros Riba, Delta, Edo, Imo, Ondo da Ribas. Dokar ta yi bayani filla-filla a kan inda kuɗi za su fito. Gwamnatin tarayya za ta ba da kwatankwacin kashi 15 cikin 100 na abin da jihohin suke samu kowane wata daga asusun tarayya, kamfanonin mai da ke aiki a yankin za su ba da kashi 3 na kasafinsu na shekara, sa'annan ga rabin abin da ya kamata jihohin su samu daga asusun kula da muhalli. Da aka zo kan abin da za a yi da kuɗin kuwa, sai dokar ta jero fannoni: hanyoyi da tasoshin jiragen ruwa, lafiya, ilimi, ayyukan yi, masana'antu, noma da su, gidaje, ruwan sha, lantarki da sadarwa. Abin lura a nan shi ne, ɓangaren shigar kuɗi an rubuta shi da alƙaluma, ɓangaren amfaninsu kuwa an rubuta shi da jerin sunaye.

Ana iya cewa ba aikin doka ba ne ta ƙayyade adadin rijiyoyi ko azuzuwa, kuma wannan gaskiya ne. Wurin wannan shi ne babban tsarin raya yankin na shekara goma sha biyar da aka ƙaddamar a 2007. Kukan da aka fi yi game da shi shi ne kasafin hukumar na shekara-shekara bai riƙa bin sa ba, ya zamana tsari yana gabas, rabon kwangila yana yamma. A watan Oktoba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin a yi binciken ƙwaƙwaf a kan hukumar, aka miƙa rahoton a watan Satumba na 2021. Abin da aka bayyana wa jama'a a ranar shi ne, daga 2001 zuwa 2019 kimanin Naira tiriliyan 6 suka shiga hannun hukumar, akwai ayyuka 13,777 da aka sami babbar tangarɗa wajen aiwatar da su, kuma hukumar tana da asusun banki 362 waɗanda lissafinsu bai daidaitu ba. Ginin hedikwatar hukumar kansa, wanda aka soma a 1996 zamanin OMPADEC, ba a buɗe shi ba sai a 2021.

Galibi idan aka ji waɗannan alƙaluma sai a ce ai sata ce, a rufe magana. Babu mai musun cewa an ci amana. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar da aka danƙa wa fannoni goma, ba a ce mata ga inda ake so ta kai kowanne ba, duk abin da ta kashe kuɗi a kai yana cikin aikinta, kuma babu ranar da za a ce ta gaza. Ya kamata a kuma lura cewa alƙaluman binciken nan su ma kuɗi da ayyuka suka ƙirga. Ko da a ce ayyukan nan 13,777 duk an kammala su, da sauran tambaya: mutum nawa suka daina shan gurɓataccen ruwa, kuma mata nawa suka daina mutuwa a cikin kwalekwale a kan hanyar zuwa asibiti?

3.0 Sigar jimlar manufa

Domin a ga bambancin da ake magana a kai, ga jimloli uku waɗanda aka ƙaga domin misali kawai. Alƙaluman cikinsu ba na wani wuri ba ne:

(1) Za a inganta rayuwar al'ummar yankin.

(2) Za a haƙa rijiyoyin burtsatse 200 a ƙananan hukumomi biyar.

(3) Kafin ƙarshen shekara ta biyar, hukuma za ta sa gidaje 60 cikin 100 a ƙananan hukumomin nan biyar su riƙa samun tsabtataccen ruwan sha a tafiyar da ba ta wuce minti 30 ba, zuwa da dawowa, maimakon gidaje 20 cikin 100 da suke samu yanzu.

Jimla ta (1) tana da illa uku. Ta farko ita ce lamirin "a" da ke cikin "za a", wanda aikinsa a nahawun Hausa shi ne ya sakaya mai aikatawa. Rubutun hukuma yana ƙaunar wannan lamiri, domin ranar da aka zo tuhuma babu wanda sunansa yake cikin jimlar. Ta biyu ita ce karɓau ɗin, wato "rayuwar al'umma", wanda ya yi faɗin da babu abin da bai shiga cikinsa ba, daga kwalta har zuwa kujerar Makka ko ta Kudus. Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce aikatau ɗin kansa.

"Inganta" tana cikin wani rukuni na aikatau da takardun raya ƙasa suka cika da su, irin su "kyautata", "bunƙasa", "haɓaka", "ƙarfafa" da "tallafa". Dukkansu suna nuna alƙibla ne, ba su nuna masauki ba. Akwai gwaji mai sauƙi da za a yi musu, wato a sa "gama" a gabansu. "An gama haƙa rijiya" jimla ce da kunnen Bahaushe yake karɓa, kuma yana iya zuwa ya leƙa ya gani. "An gama inganta rayuwa" kuwa sai ya ji ta banbaraƙwai, domin inganci ba shi da gaɓar da ake isa a ce an ƙare. Haka kuma waɗannan aikatau suna ɗauke da ɓoyayyen kwatanci: abu ya inganta ne bisa yadda yake a da, saboda haka muddin ba a faɗi yadda yake a da ba, ma'anar jimlar ba ta cika ba. Wanda ya raba buhun shinkafa ɗaya ya inganta rayuwa, wanda ya gina asibitin koyarwa ma ya inganta rayuwa, kuma jimla ta (1) ba za ta iya raba su ba. Irin wannan jimla buri ce, tana da muhallinta a farkon takarda, amma ba a ɗora kasafi a kanta.

Jimla ta (2) ta fi ta (1) nesa ba kusa ba, domin tana ƙirguwa. A nan ne mafi yawan hukumomi suke tsayawa, kuma a nan ne nahawun Hausa yake da abin da zai koya wa mai tsara manufa. A rabon aikatau zuwa giredi bakwai da F. W. Parsons ya yi a 1960, giredi na 7, mai ƙarewa da wasalin -u, yana nuna cewa aikin ya kama abin da aka yi wa shi sosai da sosai. Uwargida tana iya cewa "na dafa wake", mai ci ya amsa da cewa "amma bai dafu ba", kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ita tana ba da labarin aikin da ta yi, shi kuwa yana ba da labarin halin da waken yake ciki. Haka "an gyara" da "ya gyaru", ko "an gina" da "ya ginu". Jimla ta (2) tana tsaye ne a kan "an haƙa". Rijiya 200 suna iya haƙuwa, a biya ɗan kwangila, a yanke ƙyalle, alhali hamsin suna fitar da ruwan gishiri, hamsin famfonsu ya mutu cikin shekara guda, wasu kuma an haƙa su a ƙofar gidan wanda da ma yana da ruwa.

Jimla ta (3) ita ce ta koma wurin mai shan ruwan. Ta ambaci wanda aka ɗora wa nauyi, da mutanen da ake nufi, da wurin da suke, da ma'aunin da za a yi amfani da shi, da mafarin awo, wato halin da ake ciki kafin a soma, da masaukin da ake son isa, da kuma wa'adi. Ma'aunin minti 30 ɗin nan shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suke amfani da shi wajen tantance wanda ya sami ruwan sha a matakin farko, kuma amfanin aron irin wannan sanannen ma'auni shi ne hukuma ba za ta iya sassaƙa shi daidai wuyanta ba. Wani abin sha'awa kuma, jimlar ba ta ambaci rijiya ba sam. A garin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya gurɓace da mai ko gishiri, wataƙila tara ruwan sama ko janyo bututu daga nesa shi ne mafita, kuma jimla ta (3) ta bar wa injiniya wannan zaɓi, alhali ta (2) ta ɗaure masa hannu.

Ke nan matakai huɗu ne tsakanin baitulmali da talaka: kuɗin da aka zuba, aikin da aka yi, abin da aikin ya samar, da amfanin da ya isa ga mutane. Manomi ya san su duka. Iri da taki daban, noma daban, dammunan da aka ɗaure daban, sa'annan ko hatsin ya kai iyali wata kakar shi ma daban. Rahoton hukuma yakan cika da na farko da na uku saboda su ne masu rasit da hoto.

3.1 Misalin ƙasar Ogoni

Babu inda bambancin "an gyara" da "ya gyaru" ya fito fili kamar a rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Agusta na 2011 a kan ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas. Masu binciken sun duba wurare sama da 200, suka gwada samfur sama da 4,000 na ƙasa da ruwa. A Nisisioken Ogale sun iske mutane suna shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya fiye da sau 900. Daga cikin wurare 15 da takardun kamfanin Shell suka nuna an kammala tsabtace su, 10 an same su da gurɓacewar da ta haura iyakar da kamfanin da gwamnati suka yarda a rufe aiki a kanta.

Rahoton ya kuma gano cewa ƙa'idojin muhalli na harkar mai a Nijeriya suna ɗauke da adadi biyu. Akwai miligiram 5,000 na mai a kowane kilogiram na ƙasa, wanda idan an haura shi wajibi ne a tashi tsaye, akwai kuma miligiram 50, wanda shi ne matsayin da ake fatan mayar da ƙasar. Ƙa'idojin ba su yi magana da murya ɗaya ba a kan wanne daga cikin biyun ne yake ba da izinin a ce aiki ya ƙare, har hukumomin gwamnati biyu da ke sa ido a lokacin kowace tana fassara su yadda ta fahimta. Tsakanin adadin nan biyu ninki ɗari ne. Wannan ya nuna cewa sa lamba a cikin manufa bai wadatar ba idan ba a fayyace matsayin lambar ba: shin ƙararrawar tashi ce, ko kuwa masauki? A ɗaya ɓangaren kuma, rahoton ya bai wa ƙasar Ogoni abin da yawancin yankin ba shi da shi, wato mafarin awo na wuri-wuri, da ƙiyasin cewa farfaɗo da muhallin zai ci shekara 25 zuwa 30, da shawarar a soma da Dala biliyan 1 a shekaru biyar na farko. Duk wanda ya ce ya tsabtace Ogale, ana iya komawa bakin rijiyar a ɗebi ruwa a gwada.

4.0 Gwajin Tarayyar Turai

Tarayyar Turai ta kafa asusun raya yankuna a 1975, kuma kuɗin da take warewa domin rage tazara tsakanin yankunanta sun kai kimanin sulusin kasafinta. A zangon 2014 zuwa 2020 sun kai wajen Yuro biliyan 350. Kaso mafi tsoka yana tafiya ne ga yankunan da arzikin da suke samarwa bisa kowane mutum bai kai kashi 75 cikin 100 na matsakaicin Tarayyar ba. Su ma sun daɗe suna auna nasara da yawan kuɗin da aka iya kashewa kafin wa'adi ya cika. A 2009 masanin tattalin arziki ɗan Italiya, Fabrizio Barca, ya rubuta wa hukumar Tarayyar rahoton da ya soki wannan hali, ya nemi a taƙaita fannoni, a kuma sa kowane shiri ya faɗi canjin da yake nema a rayuwar mutane.

Dokar 2013 ta ɗauki wani ɓangare na wannan shawara. An taƙaita manufofi zuwa goma sha ɗaya, an wajabta wa shirye-shirye su sa ma'aunai, da zangon da za a isa a ƙarshen 2018, da masaukin 2023. Sa'annan aka riƙe kashi 6 cikin 100 na kuɗin a matsayin ajiya, wadda ba za a saki ba sai an duba a 2019 an ga ɓangaren shirin ya kai aƙalla kashi 85 cikin 100 na zangonsa. Wanda ya gaza, sai a karkatar da ajiyarsa ga wanda ya cika. A takarda tsarin ya yi kyau. Amma Kotun Binciken Kuɗi ta Tarayyar, a rahotonta na 2021, ta nuna cewa ma'aunan da aka saki ajiyar a kansu kusan duk na kuɗin da aka kashe ne da abin da aiki ya samar, kuma da yawa daga cikin zangunan an sauya su kafin ranar awo. A tsarin 2021 zuwa 2027 an yi watsi da ajiyar, aka maye gurbinta da bitar tsakiyar zango.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, amfani yana jinkirin bayyana: makarantar da aka gina bana sai bayan shekaru za a ga tasirinta a karatun yara, saboda haka duk wanda ya ɗaura kuɗi da awon shekara huɗu ya tilasta wa ma'aikata su koma ƙirgen gine-gine. Na biyu, idan wanda za a auna shi ne yake yanka wa kansa zango, kuma yana da ikon matso da shi kusa, to zai isa ko da rarrafe ne. Wannan fa a nahiyar da take da ƙwararrun ofisoshin ƙididdiga da masu binciken kuɗi masu cin gashin kansu.

5.0 Tarkunan da ke cikin awo

Bai kamata a ɗauka cewa da zarar an sa alƙaluma magana ta ƙare ba. Ma'auni yana juya halin wanda ake aunawa. Idan aka ce kilomitar kwalta ce mizanin hukuma, mai hankali zai kai aikinsa kan tudu, inda kuɗi kaɗan suke shimfiɗa hanya mai tsawo. Wanda ya saba da ƙasa mai tauri ba zai gane tsadar hanya a cikin taɓo ba sai ya ga yadda ake cike wuri da yashi, a jira ya zauna, a kuma gina gada bayan gada kafin a haɗa gari biyu da suke hango juna. Sakamakon haka shi ne mutanen cikin ƙoramu, waɗanda dominsu ne kwamitin Willink ya nemi a kafa hukumar tun farko, su ne za a bari a baya, alhali rahoto yana nuna an zarce abin da aka yi alkawari.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 a kan talauci mai fuskoki da yawa sun ƙara fito da wannan haɗari. Sun nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin irin wannan talauci. Jihar Ondo ce take da mafi ƙarancin kaso, wajen kashi 27, Bayelsa kuwa tana da sama da kashi 88, Sakkwato kaɗai ta fi ta. Ondo da Bayelsa duk suna ƙarƙashin NDDC. Manufar da aka rubuta da matsakaicin jihohi tara tana iya cika ba tare da komai ya motsa a Bayelsa ba. Wajibi ne a karkasa masauki jiha-jiha, in da hali ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a kuma ware na garuruwan cikin ruwa daban. A nan sai a ci karo da wata matsalar, domin "kashi kaza cikin ɗari" yana bukatar a san ɗarin, alhali ƙidayar jama'a ta 2006 ta tsufa, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Hukumar da take son ta aunu dole ta ware kuɗin ƙirga gidajen wuraren da za ta yi aiki kafin ta ba da kwangilar farko.

Akwai kuma tambayar wa ya yi. A yanki guda ga gwamnatocin jihohi da suke karɓar aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin ma'adinan da aka haƙa a ƙasarsu bisa tsarin mulkin 1999, ga ƙananan hukumomi, ga shirin afuwa na 2009, ga kamfanonin mai da nasu ayyukan. Idan mace-macen jarirai sun ragu kowa zai ce shi ne, idan sun ƙaru kowa zai nuna ɗan'uwansa. Hanyar da masu nazari suke bi ita ce kwatanta garuruwan da aka yi wa aiki da wasu masu kama da su waɗanda layi bai kai kansu ba tukuna, a auna duka biyun kafin aiki da bayansa. Tun da ba a iya yi wa kowa aiki a shekara guda, irin waɗannan garuruwa suna nan ko ba a nema ba. Sharaɗin kawai shi ne mai awon ya zama ba ya cin abinci daga hannun wanda yake aunawa.

6.0 Sababbin hukumomi

Abin da ya sa wannan magana ta wuce tarihin yanki guda shi ne, an mayar da samfurin NDDC abin koyi. An sa hannu a dokar hukumar raya Arewa maso Gabas a 2017, ta soma aiki a Maiduguri a 2019. A watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokokin hukumomin Arewa maso Yamma da Kudu maso Gabas, daga baya sauran shiyyoyi suka sami nasu, kuma a watan Oktoba na 2024 aka mayar da ma'aikatar harkokin Neja-Delta, wadda aka kafa a 2008, ta zama ma'aikatar raya yankuna domin ta kula da su duka. Mafarin awo kuwa abu ne da ba a ɗaukarsa sai a farko. Hukumar da ta shekara biyar tana aiki kafin ta tuna da shi ta riga ta rasa abin da za ta kwatanta kanta da shi.

A ganin wannan marubuci, kowace daga cikinsu ta ɗauki manufa uku ko huɗu masu sigar jimla ta (3) ya fi mata jerin fannoni goma, ko da kuwa hakan zai ɓata wa masu neman a raba ayyuka mazaɓa-mazaɓa rai. Sa'annan a bayyana manufofin a rediyo da allunan bakin aiki cikin harshen mutanen wurin, Ijo ne ko Ibibiyo ko Urhobo ko Kanuri ko Hausa. Fassarar kanta gwaji ce. Jimla irin ta (1) takan ratsa kowane harshe ba tare da ta ce komai ba, amma mai fassara jimla ta (3) zuwa harshen Khana dole ya tambayi wane gari ake nufi, gida nawa, kuma zuwa wace shekara, waɗanda su ne tambayoyin da masuncin da ke zaune a garin zai riƙe ya jira hukuma da su ranar da wa'adin ya cika.